Bappa, Layukansa da Gonar Namtari

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata da hantsi Bappa, yayan mahaifina, ya cika a asibiti a Yola bayan jinyar mako uku. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi.

Kwana uku ana zaman makoki a gidansa na Jimeta. Ni ina cikin gida wajen Dada, matarsa, amma abin da ake faɗa a tabarmin maza yana shigo mana ta zaure. 'Yan layin takalma na kasuwa gaba ɗayansu sun rufe shaguna ranar farko. Wani dattijo da suka yi koyarwa tare ya ce Tica, haka kowa ke kiransa a waje, bai taɓa ɗaga murya a aji ba. In yara suka dame shi sai ya ajiye alli ya harɗe hannu, kuma ajin yakan yi tsit. Wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu darakta ne a ma'aikata, ya ce sau uku yana zuwa shagon don ya sayi takalmi mai tsada ya faranta wa malaminsa, duk sau ukun Tica ya hana shi wanda ya zaɓa, ya ce ba zai yi masa ƙarko ba. Aka yi dariya a wajen makoki, liman ma ya yi.

A rana ta biyu maƙwabciyar shagonsa ta zo. Kirista ce daga kudancin jihar, kowa a kasuwa Mama yake ce mata. Ta zo da matan cocinsu su shida, sun ɗauro zane iri ɗaya, suka zauna a ƙasa gaban Dada. Mama ta riƙe hannunta ta ce, "Dada, kasuwan nan ya yi rashi. Shekara ashirin shago na yana jikin nashi, kaya ɗaya muke sayarwa. Ko sau ɗaya Tica bai kira kwastoma daga bakin ƙofa na ba. Ko sau ɗaya." Sai ta fashe da kuka, Dada ce ma ta koma ba ta haƙuri.

Mahaifina kuwa bai yi kuka a maƙabarta ba, bai yi a gida ba. Yana zaune a ƙarshen tabarma yana amsa amin. Sai a rana ta uku, da wani manomi ya zo daga Namtari ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ya haƙuri," Baba ya kifa fuska a cikin hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Mutane suka ɗauka gajiya ce ta taru. Ni na san dalili.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Jikokinsa ƙanana za su taso su ji ana cewa kakansu mai takalma ne, kuma gaskiya ne, amma bai isa ba.

Kakanmu baduku ne, daga wajen Kano ya zo da wuƙarsa da basillarsa, ya auri Bafulatanar Yola, shi ya sa a gidanmu Hausa ake yi amma Bappa da Goggo da Hamma ake kira. Bappa ya yi boko, ya koyar da lissafi a sakandare shekaru da yawa, sannan ya ajiye aiki ya buɗe shagon takalma. Yakan ce ya dawo gida ne kawai ta doguwar hanya.

Mutum ne da in ka gaishe shi, ƙafarka yake fara kallo kafin fuskarka. Dada ta yi mita har ta gaji. Takan ce, "Malam, baƙo ya yi maka sallama, kai kana amsa wa silifas ɗinsa." Ranar Juma'a bayan an idar, yakan ɗan tsaya a bakin masallaci yana kallon takalman da aka tara kamar mai neman nasa, alhali nasa yana ƙafarsa. Duk farkon zangon karatu kuma sai ya hau mota ya tafi Sangere, ya zauna wajen mai shayi kusa da gidajen ɗalibai tun safe har rana ta take, kofi ɗaya a gabansa. Ya ce abin da ɗalibai suka sa yau, ma'aikata za su nema bayan wata uku, mutanen ƙauye bayan shekara, kuma wanda ya san wannan ba zai cika shago da kayan da suka riga suka wuce ba.

Amma abin da ya fi shahara da shi a gida shi ne layukansa.

Tun yana malami ya sayi ɗan hannun jari a wani kamfanin sayar da takalma mai shaguna a manyan garuruwa. Ba wani mai yawa ba ne. Duk Asabar yakan sayi jarida, ya buɗe shafin farashin hannayen jari, ya fito da takardar graf irin ta 'yan makaranta, da rula da fensir biyu, baƙi da ja. In takarda ta cika sai ya liƙa mata wata, har ta zama doguwa, yana naɗe ta kamar tabarma. Waɗannan naɗe-naɗen sun cinye rabin kabad ɗin Dada, kuma faɗan da suka yi a kansu ya fi ƙarfin ƙirga.

Baƙin ɗigo shi ne farashin ƙarshen mako. Jan layi kuwa matsakaici ne: ya haɗa farashin makonni goma da suka wuce ya raba goma ya ɗiga. Baƙin yana ta tsalle, jan yana tafiya a natse. Ya ce baƙin surutun kasuwa ne, jan kuma inda ta dosa. Muddin baƙi yana saman ja, kuma kowane gangare ya tsaya sama da inda na baya ya tsaya, to hawa ake yi. A ƙasan takardar yana zana 'yan sanduna, alamar yawan hannun jarin da aka yi cinikinsa a makon.

Abin da ya fi kula da shi, ya ce, ba tsayin layi ba ne, ƙarfin tafiyarsa ne. Wata rana muna zaune a ƙofar shago wani mai ruwa ya zo wucewa yana tura kurarsa a ɗan hawa. Bappa ya taɓa ni ya ce, "Ɗiyata, dubi wancan. Gaba yake yi ko baya?"

Na ce gaba.

"Dubi takunsa."

Na duba. Kowane taku ya fi na baya gajarta.

"Zai tsaya kafin ya kai waccan falwayar," in ji shi. Mai ruwan kuwa ya tsaya, ya danne kurar da gwiwa yana haki. "To haka farashi yake. Yana iya hawa alhali ƙarfinsa ya ƙare. Mutane suna kallon inda ya kai, ni ina kallon numfashinsa."

Akwai wani abokinsa mai gemu da ya taɓa tsare shi a masallacin unguwa ya ce wannan zane-zanen ya yi kama da duba, ya ji tsoron Allah. Bappa bai yi fushi ba. Ya kai shi gida ya shimfiɗa masa takardar ya ce, "Nuna mini gobe a nan." Mutumin ya duba, takarda fara fat daga Asabar ɗin da ta wuce zuwa gaba. Bappa ya ce, "Ka gani? Jiya kawai nake karantawa. Gobe ta Allah ce." Suka sha fura suka rabu lafiya, ko da yake mutumin bai daina girgiza kai ba.

Kuma yakan yi kuskure. Akwai shekarar da ya yanke cewa yayin farin takalmin kambas ya mutu, ya karyar da duk wanda ke shagon, bayan wata biyu kowane saurayi a Jimeta shi yake nema. Mama ta yi masa tsiya har shekara ta zagayo. Yana da taurin kai kuma, kada in ɓoye. Mai saye ya shigo da sauri yana son lamba arba'in da biyu, sai Bappa ya zaunar da shi yana yi masa bayanin bambancin ɗinki da gam, har wani ya tashi ya fita bai saya ba.

Abin da Mama ba ta samu ta faɗa ba ranar makoki, ni zan faɗa. Akwai lokacin da wani takalmin mata mai tsini ya yi tashe, tana sayarwa kamar me. Ta shirya tafiya ta sa duk jarinta ta ƙaro. Bappa ya leƙa shagonta ya ce, "Mama, dakata. Wata biyu da suka wuce masu zuwa neman takalmin nan ba sa tayi. Yanzu kowa sai ya taya, wasu su ce za su dawo. Yana tafiya, amma ya fara haki."

"Tica, kana so ka hana ni kasuwa ne?"

"Ina so ki ƙaro kwali biyu, ba goma ba. Sauran ki sayo mai faɗin ƙasa, mai taushi. Shi na ga ɗalibai mata sun fara sawa, su da ma'aikatan jinya."

"Kai ka saro?"

"Tukuna. Ki fara zuwa."

Ta bi shawararsa tana gunaguni. Kwali biyun nan da ƙyar suka ƙare, mai taushin kuwa ita ce ta fara kawo shi layin. Da mijinta ya rasu ta tafi garinsu wata guda, Bappa ne yake buɗe shagonta kullum da safe kafin nasa, in mai saye ya nemi abin da su duka suke da shi, nata yake ɗaukowa.

Yanzu ga abin da ya sa mahaifina kuka.

Akwai wasu shekaru da hannun jari ya zama hirar gari. A ofisoshi, a bankuna, har wajen mai shayi, kowa yana da labarin wani da ya sa kaɗan ya kwashi da yawa. Baba yana aiki a sakatariya, ritaya ta matso, mu bakwai ne a gabansa, ni ce babba. Ya ji cewa ɗan abin da Bappa ya saya tun da daɗewa ya ninka sau da yawa. A daidai lokacin wani mai kuɗi ya taya gonar da kakanmu ya bari a Namtari, wadda take ta su uku ce, Bappa da Baba da ƙanwarsu Goggo. Baba ya ƙudurta a sayar a zuba kuɗin a wannan kamfanin takalma. Goggo ta ce duk abin da yayyenta suka yanke ta yarda. Saura sa hannun Bappa.

Ni a lokacin na gama digiri a fannin tattalin arziki, kaina yana hayaƙi. Baba ya ce in raka shi, in yi wa yayansa bayani da harshen boko. Muka je ranar Lahadi bayan azahar.

Bappa ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da naɗin ƙarshe, ya shimfiɗa a tsakar falo, ya danne gefe da gefe da takalmansa.

"Zo ka gani. Ga hawan farko, dogo ne, dubi sandunan ƙasa, masu saye sun cika. Ga na biyu, ya wuce na farko, amma da kaɗan. Ga na uku, wanda muke ciki. Ya fi su duka tsayi, gaskiya ne. Amma dubi takunsa, dubi sandunan. Suna ta raguwa."

Baba, da yake Hamma yake kiran yayansa, ya ce, "Hamma, ni ban ga komai ba sai layi yana hawa."

"Yana hawa."

"To?"

"To ƙarfinsa ya ƙare. Ni ma na aika wa dillali ya sayar mini da rabin nawa."

Baba ya gyara zama. "Wato kai ka ci ka ƙoshi, mu ka rufe mana ƙofa."

Nan na sa baki, kuma har yau ina jin kunyar yadda na yi. Na ce, "Bappa, wannan zanen na zamanin da ne. Kamfanin yana buɗe sabbin shaguna, ribarsa ta ƙaru, jama'a suna yawa, kowa kuma sai ya sa takalmi. Ba a auna kamfani da fensir."

Ya dube ni ta saman tabarau, ba fushi a fuskarsa. "Duk abin da kika faɗa haka ne, Malama. Kamfanin lafiyarsa ƙalau. Ba shi nake tsoro ba. Masu saye ne suka gaji, kuma farashin ya yi wa kamfanin nisa." Ya juya ga Baba. "Kuma ka ji da kyau. Ko layin nan ya rantse mini cewa hawa zai ci gaba, ba zan sa hannu a sayar da gona ba. Abin da za ka iya rasawa ka ci abincinka washegari, shi ake sawa a nan. Gona ba ta cikinsu."

"Ina da haƙƙi a gonar nan."

"Kana da shi. Ka kai ni gaban alƙali a raba. Amma da hannuna, a'a."

Baba ya miƙe ya ce, "Ka mayar da ni yaro, Hamma." Ya fita bai ko taɓa ruwan da Dada ta kawo ba. Na bi shi.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi wuya, domin farashin bai faɗi ba. Ya ci gaba da hawa. Mako ɗaya, biyu, wata guda, wata biyu. Baba ya sayar da motarsa, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya saya da kansa. Duk Asabar sai ya sayi jarida, ya yage shafin farashi, ya zagaye sunan kamfanin da biro, ya ce in kai wa yayansa. Ina kaiwa. Bappa yakan karɓa ya ce, "Ki ce na gode, ya hutar da ni sayen jarida." Sai ya ɗauko fensir ya ɗiga ɗigon a gabana, sama da na makon jiya.

Amma ya rame. Dada ta ja ni kicin ta ce ranar Asabar ba ya cin abinci. Sallah ta zo, Baba bai je gaishe shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun rasuwar kakanmu. Da na je ni kaɗai, na tarar da shi a zaure da sabuwar riga, ya shimfiɗa tabarma mai faɗi kamar yadda ya saba, ba kowa a kai.

Ya ce, "Ɗiyata, zai yiwu na yi kuskure. Layi ba ya rantsuwa. In na yi kuskure, na hana ƙanena arzikin da zai rufa masa asiri, kuma zan amsa wannan a gaban Allah. Na auna, na sake aunawa. Gara ya ƙi ni da gona a hannunsa."

Har lokacin ina ganin laifinsa.

Bayan Sallah da 'yan makonni baƙin layi ya gangaro ya ratsa jan ya wuce ƙasa. Ya ɗan ɗago, mutane suka ce ya dawo, amma bai kai inda ya baro ba ya sake sulalewa. Ba kamfanin takalma kaɗai ba, kasuwar ce duka ta rufto. Masu son sayarwa suka rasa mai saye. Na san gidaje a Yola da Jimeta da aka daina dariya a cikinsu a shekarar. Abin da Baba ya sa ya narke, saura ɗan kaɗan. Ya daina sayen jarida. Yakan dawo daga ofis a motar haya ya shige ɗaki. Mahaifiyata ta ce mu daina tambayarsa komai.

Muna ta zuba ido mu ga ranar da Bappa zai zo ya ce ai na faɗa.

Ya zo ran wata Alhamis da safe, kwana biyu bayan ruwan farko, da baƙar leda a hannu. Ya yi sallama, ya zauna a barandarmu, ya ce a kira masa ƙanensa. Baba ya fito idonsa a ƙasa, ya durƙusa ya gaishe shi. Bappa ya buɗe ledar ya fito da dogayen takalman roba irin na shiga gona, ya ajiye a gabansa.

"Arba'in da uku, ko ƙafar ta ƙaru?"

Baba ya tsura wa takalman ido. Bappa ya ci gaba.

"Ruwa ya sauka a Namtari. Ni gwiwa ta hana ni, Goggonsu kuma ba za ta iya ba. In ba ka je ba ciyawa za ta cinye wajen. Gwada in gani."

Baba ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar. Bappa ya sunkuya ya matsa wajen yatsu ya ce daidai. Baba ya buɗe baki ya ce, "Hamma, ni…" Bappa ya ɗaga hannu ya ce wa mahaifiyata, "Akwai kunu a gidan nan kuwa? Ban karya ba." Ko kalma ɗaya a kan hannun jari ba ta fito daga bakinsa ba, ranar nan ko bayanta.

Baba ya je Namtari ranar Asabar. Da ya yi ritaya can ya koma kacokan. Masara, shinkafa a fadama, daga baya ya dasa mangwaro ya yi ɗan garke. Daga gonar nan ƙannena shida suka yi karatu, daga ita ya je Makka. Manomin da ya zo ta'aziyya rana ta uku shi ne maƙwabcinsa na gona, wanda ya fara nuna masa yadda ake riƙe garma lokacin Baba yana ɗan shekara hamsin da wani abu.

Ni kuma na je na ba Bappa haƙuri a shago. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke ma ai kin yi gaskiya. Kin ce kamfanin ba zai mutu ba, ga shi bai mutu ba. Ke kin san doki, ni na san hanya." Bayan shekaru, da baƙin layi ya daina yin sabon gangare ya haye saman ja ya zauna, ya sake saye kaɗan. Ya sa ni na koyi zanen, Asabar bayan Asabar. Da na nuna masa cewa yanzu waya tana zana duk wannan cikin ƙiftawar ido, har da wasu layukan da bai sani ba, ya karɓa ya duba da kyau, ya yaba, ya miƙo mini. Ya ce wanda bai ɗiga da hannunsa ba ba zai ji lokacin da taku ya gajarta ba. Yau ina koyarwa a sakandare, kuma da naɗe-naɗensa nake koya wa 'yan aji biyar matsakaici. Dada ta ce in kwashe duka, ta gode wa Allah da ya dawo mata da kabad ɗinta, sannan ta riƙe guda ɗaya ta ce wannan a bar mata.

A asibiti, mako na biyu, na same shi da rana ya sa tabarau yana karanta takardar da ma'aikatan jinya suke rataye a ƙarshen gado, wadda suke ɗiga awon jini da zafin jiki. Ya lallashi wata nas ta miƙo masa.

"Yana ɗagowa yana sauka," in ji shi. "Amma kowace ɗagowa ba ta kai ta baya ba."

Na ce, "Bappa, kai fa ka ce gobe ta Allah ce."

"Har yanzu tasa ce. Amma ya ba mu ido." Ya miƙa wa nas takardarta ya yi mata godiya, ya ce ɗigonta yana da tsabta. "Kira mini babanki."

Baba yana bakin ƙofa dama, don tun ranar da aka kwantar da shi bai koma gona ba. Shi yake ba shi abinci, shi yake yanke masa farce. Suka yi magana su biyu kusan awa guda. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai leƙa na ga Bappa yana lissafa wani abu da yatsu, Baba yana gyaɗa kai, can kuma na ji su duka suna dariya, irin dariyar mutanen da suka tuna wata ɓarnar da suka yi suna yara. Kwana shida bayan nan ya cika, kansa a kan hannun ƙanensa, yana maimaita kalmar shahada.

Bayan addu'ar bakwai Dada ta ce a buɗe shago, mai shi ba ya son ƙofa a rufe. Adda, babbar 'yarsa, ita za ta riƙe shi. Na je taya ta ranar Asabar ta farko. Muna cikin kakkaɓe kwalaye wata mata ta shigo da 'yarta, yarinya 'yar kamar shekara shida, ta ce daga Mbamoi suke, an sa yarinyar a makaranta, sandal suke nema. Ta leƙa bayan kanta ta ce, "Ina Baba Tica?"

Adda ta gaya mata.

Matar ta zauna a kan benci ta yi salati, ta daɗe tana share ido da bakin mayafi. Ta ce ita ma a shagon nan aka saya mata sandal ɗinta na farko. Sannan ta dubi ƙafar 'yarta ta dube mu ta ce, "To yanzu wa zai auna mata? Ni ban san lambarta ba. Shi yake sani."

Adda ta dube ni, na dube ta. Na tattare zanena na durƙusa a ƙasa, na ɗora ƙafar yarinyar a cinyata, na share mata ƙura. Na gwada guda, ya kama ta cif. Na cire na ɗauko na gaba da shi, na ɗaure maɗaurin, na sa babban yatsana tsakanin yatsunta da bakin sandal ɗin. Ya shiga daidai.

Uwar ta ce, "Bai yi mata yawa ba?"

Na ce, "Za ta girma."

Ta yi murmushi, hawaye bai bushe ba, ta ce, "Haka yake cewa."

Yarinyar ta sauka ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo, tana kallon ƙafafunta, sannan ta ƙi yarda a cire. A ƙafarta ta tafi da su.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka saka masa da alherin da ya yi wa na gida da na waje. Mu da ya bari, ka ba mu haƙuri irin nasa, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.